Daminar da Muka Haɗa Ruwan Tubaros

Akwai wata magana da na sha ji a bakin dangi wajen biki da wajen suna, har ta fara fitowa daga bakin wasunku, wai tun da babanku ya rasa idonsa ni kaɗai na ɗauki gidan nan a kaina, shi kuwa yana zaune a kan buzu ana kawo masa tuwo. Masu faɗa suna ganin yabona suke yi. Ni kuwa duk lokacin da na ji sai raina ya sosu, don ba haka aka yi ba, kuma a cikin manyan da suka ga yadda aka yi ba wanda ya rage sai ni. Saboda haka zan ba ku labarin damina guda ɗaya, wadda daga ita lambun da kuka taso kuka tarar ya samo asali.

Babanku, Malam kamar yadda nake kiransa, disfensa ne a asibitin gwamnati a nan Kaduna, wato shi ke haɗa magani ya zuba a kwalba ya manna mata takarda. Muna zaune a gidajen ma'aikata, ɗaki biyu da famfo a tsakar gida. Zamanin ne da Turawa ba su tafi ba amma kowa ya san sun fara ɗaure kaya, duk ɗan Arewa da ya iya riƙe alƙalami nemansa ake yi, abokansa yau a ƙara wa wannan girma, gobe a tura wancan kwas. A daidai wannan lokacin ganinsa ya fara dushewa. Ba ja, ba kwantsa, ido garau kamar na kowa, sai dai ganin yana ta tsukewa daga gefe kamar ana jan bakin jaka. Likitoci suka duba suka ce ba na aiki ba ne. Ba wanda ya kore shi, ku riƙe wannan. Ranar da ya ɗauki kwalba ya kasa karanta abin da shi da kansa ya rubuta a jikinta, ajiye ta ya yi, ya tafi ya gaya wa babban likita cewa ba zai haɗa wa ɗan wani magani da ka ba. Aka sallame shi da ɗan fansho da ba ya kai mu ko tsakiyar wata, gidan gwamnati kuma dole a ba wani.

Muka koma Kurmin Mashi, wadda a lokacin ba ta wuce 'yan gidaje da gonaki ba. Gidan ƙasa ne, da rijiya, da ɗan fili mai laima a baya da aka kewaye da zana. Ku uku ne a lokacin: babbar yayarku, wadda kun san ba na kama sunanta, sai Sani, sai Binta a goye. A cikin kayan da na kwaso har da kwando guda na wasu 'ya'ya kamar ƙananan albasa. Wata Baturiya ce, sista a asibiti, ta ba Malam su da za ta koma ƙasarsu, ya shuka a bakin ƙofarmu, suka yi ta hayayyafa. Sunan furen tubaros. Dogon kara yake fitarwa, furanni farare su jeru a kansa, su riƙa buɗewa daga ƙasa zuwa sama, in yamma ta yi ƙamshinsa ya cika gida. Ban tone su da wata niyya ba. Kawai na ƙi yarda in bar wa wani abin da Malam ya shuka da hannunsa. Da ruwan farko ya sauka na binne su a bayan gida na manta da su.

Abin da ya fi talaucin yi mini ciwo shi ne shirun Malam. Mutumin da in ya dawo aiki sai an roƙe shi ya bar labari ya ci abinci, shi ne ya koma kwanciya ya juya fuska bango. Masallaci ma ya daina zuwa, don ba ya son a ja shi a hannu a gaban mutane. In na ce, "Malam, ga fura," ya ce, "Ajiye." In Sani ya hau jikinsa, ya shafa kansa ya sauke shi.

Ana cikin haka wansa ya zo daga Zariya, Alhaji Garba, wanda ni nake kira Yaya. Ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, kuma ba mugu ba ne, kada wani ya ce muku mugu ne. Shi ya yi wa Malam hidimar makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Ya zauna a ɗakin Malam, ni ina durƙushe a bakin ƙofa, ya ce ya gama shiri. Za mu koma Zariya, Malam ya zauna a zauren gidansu, ni a ba ni ɗaki a cikin gida, yara kuma a raba su a hannun dangi don nauyin ya yi sauƙi.

Malam ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Duk yadda ka yi daidai ne, Yaya."

Ban san inda na samo bakin magana ba. Na ce, "Yaya, ina neman alfarma. A bar mu zuwa kaka."

Ya juyo ya dube ni. "Jummai, ku ci me har kakar?"

"Allah zai kawo, Yaya."

"Allah yana kawowa ta hannun mutane ne, ga shi kuwa ya kawo ta hannuna." Ya ja carbinsa, sa'an nan ya ce, "To, zuwa kaka. In an yanke gero zan zo da mota."

Wallahi a ranar ba ni da wata dabara a raina. Abin da na sani kawai shi ne in Malam ya shiga zauren nan na Zariya ba zai sake fitowa a matsayin mutum ba, kuma ba zan iya kallon ana raba ku kamar goro ba.

Maƙwabciyarmu ta bayan zana wata dattijuwa ce Banufiya, Iya Mairo, mai kai latas da tumatir unguwar Turawa da wani kanti na wata mata 'yar Labanan da kowa ke kira Madam. Da damina ta yi tsakiya tubaros ya fitar da kara. Wata yamma sai ga kan Iya Mairo ta saman zana tana shinshine-shinshine.

"Ke amaryar gari, wane turare kike ƙonawa haka ba hayaƙi?"

Na nuna mata. Ta zagayo ta tsaya a kansu ta riƙe ƙugu. "Kina da wannan a bayan gida kina kuka da babu? Mutanen can fa ciyawa suke sawa a kwalba su ajiye a tebur suna kallo. Yanko mini dami ɗaya."

Kashegari kafin azahar ta dawo da tire ba ko kara ɗaya a kai. Na yi murna har na dafa shinkafa. Amma murnar ba ta yi nisa ba. A zuwa na uku Iya Mairo ta dawo da damin yadda ta tafi da shi, ta dire a gabana.

"Madam ta ce kada in ƙara kawowa. Wai kwana biyu yake yi ya langaɓe, na ƙasa su yi ja, na sama su zube ba su buɗe ba, ruwan kuma ya yi wari. Masu saye sun dawo mata da faɗa. Ta ce in zai yi mako, ko nawa ne za ta ɗauka. In ba zai yi ba, ki ba awaki."

Na zauna na tasa damin nan a gaba. Ni dai ban taɓa jin an ce fure yana da magani ba, amma na san komai da mace ke so ya daɗe akwai abin da take yi masa. Nama a shanya, daddawa a sa gishiri, nono a kafa. Na ɗauko tsofaffin kwalaben magani na Malam, na cika su da ruwan rijiya, na sa kara ɗaya ɗaya. Wannan na jefa mata kanwa, waccan gishiri, wata toka, wata zuma, wata mazarƙwaila. Wurin da ya fi sanyi a gidan ɗakin Malam ne, don haka a nan na jera su gefen bango, ban ce masa komai ba, shi ma bai tambaya ba. Mai kanwa da mai gishiri ko kwana ba su yi ba. Mai toka ta bi su. Mai zuma da mai mazarƙwaila tururuwa suka yi musu layi.

Wata safiya ina shara a ɗakin sai na ji muryarsa daga bayana.

"Jummai, kwalbar da ke kusa da ƙofa ta ruɓe."

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na ɗaga kwalbar na duba, ruwan bai ko yi duhu sosai ba. Na kai hanci, sai na ji ɗan tsami-tsami can ƙasa.

"Me kika zuba mata?"

"Mazarƙwaila."

Ya tashi zaune. Rabon da in ga ya tashi zaune ba don salla ba har na manta. Ya ce in miƙo masa karan. Ya bi shi da yatsa har gindi, ya murza wurin da aka yanka, ya ji yauƙi.

"Wannan ai gyambo ne," ya ce. "Kin yanke shi, kin tsoma ciwon a ruwa mai datti, kin kuma ba ƙwayoyin cuta abinci. Sun toshe masa hanyar shan ruwa. Ƙishirwa ke kashe shi a tsakiyar ruwa. Ki daina sa masa zaƙi."

Na ce, "A'a, Malam, ban yarda ba. Kai ba ka ga abin da na gani ba. Mai zaƙin nan ita kaɗai ce na samanta suka fara buɗewa kafin ta lalace. Sauran duk a rufe suka zube. Uwarsa tana cikin ƙasa, mun raba shi da ita, wa zai ba shi abinci? Yunwa ce ke hana na sama buɗewa."

Da maganar ta fita na ji nauyinta, don na ce masa bai gani ba. Na tsaya ina jiran ya koma ya kwanta. Sai ya ce, "Sun buɗe? Har ina?" Na kama yatsansa na ɗora a wurin. Ya jima yana taɓawa.

"To ashe majinyaci ne mai ciwo biyu," ya ce. "A ciyar da shi, a kuma wanke masa ciwo. Tafasa ruwa. Kwalaben nan duk a wanke su da ruwan zafi, ba ɗauraya ba."

Daga ranar ɗakin nan ya koma ɗakin haɗa magani. Malam ya hana mazarƙwaila da zuma, ya ce suna da datti a ciki, sai farin sukari. Ya ce kanwa ta kashe shi da wuri, to a gwada kishiyarta, wato tsami. Na jiƙa tsamiya, ruwan ya yi kauri ya ƙi, muka koma lemon tsami, ya karɓa. Ni na kawo shawarar alif, wanda ku yanzu kuke ce wa alam, tun da shi muke jefawa a randa ruwa ya kwanta, kuma ya taimaka ƙwarai. Sa'an nan Malam ya aiki Iya Mairo ta samo farar hodar nan mai warin asibiti da ake zubawa a rijiya, irin wadda yake haɗa ruwan wanke gyambo da ita. Ya jiƙa, ya bari ta kwanta, ya tsiyaye na sama a wata 'yar kwalba. Ranar farko hannunsa ya yi nauyi. Da gari ya waye karan ya yi fari fat kamar an wanke shi da sabulu, ganyen ya ƙone.

Na gaya masa a hankali, ina tsoron ransa ya ɓaci. Sai ya kwashe da dariya. "Shekara nawa ina aiki ban taɓa kashe majinyaci ba, sai yau!" Binta da ke bayana ta firgita ta sa kuka, don ba ta san muryar dariyar ubanta ba.

Haka muka yi ta yi. Shi ke awo. Zai cika cokali da sukari ya share bakinsa da yatsa. Ruwan hodar kuwa da kunne yake auna shi, in yi shiru, yara su yi shiru, ya karkata kwalbar yana sauraron ɗigon yana faɗawa cikin kwano. Kullum da safe ya bi kwalaben da hanci, ya gaya mini wadda ruwanta ya fara juyawa tun ido bai nuna ba. Ni kuma in gaya masa abin da na gani, wadda ta buɗe, wadda ta sunkuya, wadda bakinta ya yi ja. Komai a kansa yake, wace kwalba aka sa wa me, yaushe aka yanka, bai taɓa rikicewa ba. Mukan yi gardama har Iya Mairo ta leƙo ta ce ko faɗa ake yi. Shi ya dage sai an tsige duk ganyen da zai taɓa ruwa, kuma ya yi gaskiya. Ni na lura cewa wanda na yanka da sassafe tun da raɓa, lokacin da na ƙasa biyu kacal suka buɗe, ya fi daɗewa. Na kuma lura da wani kara da ya karye a cikin bokiti ya fi 'yan uwansa tsayuwa, daga nan muka koma sake yanke gindin a karkace a cikin ruwa, da tsohuwar askar Malam. Dabarar ƙarshe tasa ce. Ya ce majinyacin da zai yi tafiya a cika masa ciki tun a gida, don haka duk abin da na yanka sai ya wuni ya kwana a ruwa mai zaƙi sosai a inuwa, kashegari a mai da shi ruwa mai sauƙi.

Akwai kara ɗaya da ba zan manta ba. Ranar wata Juma'a na yanke shi. Wata Juma'ar ta zagayo yana tsaye, muna canza masa ruwa muna rage gindin kaɗan kaɗan, muna cire na ƙasa da suka gaji. Ya haura makon, ya yi ta buɗewa har ɗan mitsitsin da ke can ƙoli. Na kai hannun Malam wurin. Ya taɓa shi da bayan yatsa kamar mai taɓa kumatun jariri, ya ce, "Alhamdu lillahi. Kira Iya."

Iya Mairo ta ɗauki dami biyu da 'yar kwalbar ruwan da Malam ya haɗa. Madam ta karɓa da ƙyar, ta ce za ta ajiye a kan teburinta ta gani da idonta. Bayan mako ita da kanta ta aiko a ce a kawo duk abin da ke lambun. Daga nan kowane dami da kwalbarsa yake tafiya. Masu saye suka gane, har suna zuba ruwan a wasu furannin nasu. Kukun gidan saukar baƙi ya fara aikowa. Mutanen Kudu masu ɗaurin aure a coci suka fara zuwa har ƙofar gida, suna tambayar ina ne gidan Malam mai ruwan fure. Ni ba na fita wajen maza, dole Malam ya fito zaure ya yi musu bayani, da Hausa da Turanci, yana faɗa wa wanda ya ƙi wanke kwalba kamar yadda yake faɗa wa majinyaci mai wasa da magani. Wata Juma'a ya ce in ɗauko masa babbar rigarsa. Ya dafa kafaɗar wani maƙwabcinmu suka tafi masallaci. Na tsaya a bayan ƙyaure ina kallon bayansa har suka sha kwana.

Ba mu yi arziki a daminar nan ba, amma tukunya ba ta kwana a kife ba. Muka raba 'ya'yan furen muka ƙara kunyoyin shuka, na fara jan ruwan rijiya don na rani.

Aka yanke gero, Yaya ya cika alkawari. Motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. A zaure ya tarar da Malam, ga kwalabe jere a gabansa, yana share bakin cokali da yatsa. Suka gaisa, na zo na durƙusa daga ciki na gaishe shi. Ya ce, "To, kaka ta yi. A fito da kaya."

Na buɗe baki zan yi magana, Malam ya riga ni.

"Yaya, Allah ya saka maka da alheri. Amma ba zan iya tafiya ba. Ina da aiki a nan."

"Wane aiki?"

"Akwai masu jiran ruwan gobe. In na tafi ban san wa zai haɗa ba."

Yaya ya dubi kwalaben, ya dubi bokitin furen da ke gefe. Fuskarsa ta canza. "Yanzu kai, ɗan gidanmu, da karatunka na allo da na boko, ka koma sayar wa Turawa ciyawa? Na gyara maka zaure, na gaya wa duk dangi kana zuwa. Matarka ce ta kitsa maka wannan."

"Ita ta fara, ni na ƙarasa," Malam ya ce. "Magani na koya, Yaya, kai ka biya mini makarantar. Shi nake haɗawa har yanzu. A zaurenka zan zauna a riƙa zuwa ana yi mini sannu. A nan zuwa ake yi ana tambayata."

Tun da na shigo gidansu ban taɓa jin Malam ya musa wa Yaya ko a kan ƙwayar goro ba. Abin da na ji rabi tsoro ne, rabi wani abin da ban san sunansa ba. Da Yaya ya sake magana muryarsa ta sauka, kuma na fi jin tsoron wannan.

"Shi ke nan. Kun girma. Amma ba zan koma Zariya da mota ba kowa a yi mini dariya ba. Matata Laraba tana can ta share ɗaki tana jiran yara, kun kuwa san Allah bai ba ta ko ɗaya ba. Ku ba ni babbar."

Malam ya juyo da fuskarsa wajen da ya san ina durƙushe. Na gane ya bar mini. Da na ce a'a, ba zai tilasta ni ba, amma an ƙi Yaya sau biyu a zama ɗaya, kuma zumuncin da ke tsakaninsu ya yanke ke nan har kabari. Malam ya sami aikinsa ya rasa ɗan uwansa, ban ga yadda zai ɗauki wannan ba. Na san Laraba, mace ce mai kirki da tsabta. Na san yarinyar za ta ci ta ƙoshi, za a sa ta makaranta. Duk na san wannan, kuma bai rage mini komai ba.

Na ce, "Ai 'yarka ce, Yaya."

Shekarunta ba su wuce tara ba. Ku da kuka taso yanzu kuna rungume 'ya'yanku na fari a gaban kowa ba za ku gane ba. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta wasa da ita a gaban mutane, balle ta yi kuka don za a tafi da ita. Na ɗaure mata 'yan kayanta a zane, na ƙulle, na kwance, na sake ƙullewa. Ita kuma tana tsaye tana kallona, tana jiran in ce wani abu. Abin da na iya kawai, na zaga bayan gida, duk da rana ta yi, na zaɓi karan da ya fi kowanne tsayi na yanko. Malam ya haɗa ruwa a kwalba mai faɗin baki, ya zaunar da ita a gabansa ya kama hannunta.

"Saurara da kyau. Ruwan da aka tafasa ya huce. Sukari cokali ɗaya, ki share bakinsa haka. Lemon tsami ki matsa kaɗan. Wannan 'yar kwalbar kuma ɗigo kawai, kada ki kai baki. Ki rage gindin a cikin ruwa. Kada ki ajiye a rana. Maimaita."

Ta maimaita ba kuskure. Aka ɗora ta a gaban mota kusa da Yaya, ta rungume kwalbar a cinya, furen ya fi kanta tsawo. Ni ina cikin gida ina jin ƙarar motar har ta ɓace. Na koma bakin rijiya na yi ta jan ruwa ina zuba wa kunyoyin da ba sa bukata.

A Zariya ta girma, kun sani. Laraba ta riƙe ta da amana, ta yi karatu, a can aka yi mata aure da wanda take so. Takan zo hutu, ta zauna a gefen tabarma kamar baƙuwa. Laraba take kira Inna. Ni har yau, da jikokinta, Jummai take ce mini kamar yadda ta ji ana faɗa a can. Yaya kuwa ya yi shekaru bai tako gidanmu ba, amma bai yanke gaisuwa ba, kuma shi ya yi wa Malam wanka da ya rasu. Abin da zamanmu a Kaduna ya ci ke nan, ni na biya da bakina, kuma da za a mai da ni bakin ƙofar nan abin da zan faɗa ke nan.

Bayan tafiyarta da kamar mako biyu, direban Yaya ya biyo ta Kaduna da kaya, ya tsaya a zaure su gaisa da Malam. Ina tsakar gida ina tsige ganye, kunnena yana can. Ba zan iya tambayar lafiyarta ba, sai dai in jira.

Bayan gaisuwa direban ya ce, "Af, yarinyar nan ta ba ni saƙo. Wai a gaya wa Babanta ya buɗe har na ƙarshe. Ta hana kowa taɓawa, Hajiya Laraba ma sai daga nesa take shinshina."

"Har na ƙarshe?" Malam ya ce. "Da ruwan Zariya?"

"Ai shi ne sauran saƙon. Wai ruwan rijiyarsu kanwa-kanwa yake yi a baki, shi ne ta ƙara lemon tsami."

"Ta ƙara? Wa ya ce ta ƙara?"

"Ba kowa. Ɗanɗanawa ta yi ta ce bai yi ba."

Na ji Malam ya buga cinyarsa. Ya ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji. "Jummai! Jummai, kin ji abin da 'yar nan ta yi?"

Na ji sarai, ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Amma na ajiye ganyen, na matso jikin ƙyaure, na ce, "Ban ji ba, Malam. Me ya ce?" Direban ya sake faɗa tun daga farko.